Rasuwar Ƙyauren Ɗakin Malama Lubabatu

Da zuciya cike da baƙin ciki, da kuma wani nauyi da zan sauke kafin in kai ƙarshen takardar nan, ni Malama Lubabatu, tsohuwar shugabar makarantar firamare, nake sanar da dangi da maƙwabta na Illela, Garu da Araba rasuwar ƙyauren ɗakina. Ya rasu ranar Talata da hantsi, yana da shekara goma sha uku, bayan jinyar bazara uku.

An haifi marigayin a rumfar Malam Maccido kafinta. Ba ɗan gidan sarauta ba ne. Garin katako ne da sararren karan gero, aka kwaɓa su da gam ɗin da Maccido ke dafawa da kansa daga bagaruwar majema da ƙaro, aka danne, aka shanya, aka goge. Ranar da aka kafa shi unguwa ta taru kamar ana suna. Kowa ya yanke masa kwana. Aka ce abin da aka haɗa da ɗiyan itace abincin gara ne, damina ɗaya za ta gama da shi. Na tambaya wa ya taɓa gwadawa ya gani. Babu. Shekara talatin ina hana yara cewa "haka aka ce" a cikin aji, ban ga dalilin da zan karɓe ta daga manya ba. Na ce a kafa.

Gara ta zo kuwa, a damina ta biyu. Ta yi gininta a gindin bango, ta ɗanɗana, ta juya ta tafi ta cinye mini akwatin littattafai. Marigayin bai ko kula ta ba.

Ya yi zamansa da mutunci. Da asuba yakan ce "ƙiii" a hankali, kamar mai neman izini. Idan jikoki suka banko shi sai ya ce "gau", sau ɗaya, bai ƙara. Ya tsare mini sirri, ya tsare mini awakin maƙwabta. Ƙanena Bashar, da ya fi kowa dariya ranar kafi, ya sauya nasa ƙyauren, na sayen kanti, sau biyu a tsawon rayuwar nawa. Ban taɓa fasa tuna masa ba.

Yanzu sai maganar jinya, kuma ina roƙon a karanta ta da kyau.

Ranar kafi Maccido ya gaya mini abu ɗaya. Ya ce rana ba ta komi da shi, gara ba ta komi da shi, amma kada in bari ruwa ya kwanta a bakinsa na sama, inda fenti bai rufe ba. Na ji. Sai dai na jefa maganar cikin kwandon da nake jefa sauran gargaɗi, irin na kada a sha ruwa a tsaye. Na ce a raina kowane mai sana'a sai ya ba ka doka ɗaya don ka san ya yi karatu.

Duk wanda ya yi watan Afrilu a garin nan ba wuta ya san abin da tsofaffi ke yi. A tsoma zane a ruwa, a rataya inda iska ke shigowa. Ni ban da igiya a bakin ƙofa, kuma ƙyauren yana tsaye, tsayinsa daidai. Sai in buɗe shi rabi, in ɗora jiƙaƙƙen zane a kansa, in ya bushe in sake tsomawa. Sau huɗu, sau biyar a yini. Bazara uku ina haka.

A ta farko kansa ya ɗan kumbura. A ta biyu muryarsa ta sauya, "ƙiii" ta koma "gurrr", yana jan ƙafa a ƙasa. Na sa masa man gyaɗa a ƙarafa, ina sane ba nan ciwon yake ba. A ta uku bakinsa ya buɗe falle-falle kamar littafin da ya faɗa randa. Ranar Talata ya ƙi rufuwa, na sa kafaɗa. Ya ce "fuu", ya sauka.

Maƙwabciyata Baraka ce ta fara shigowa. Ta ga garin katako a ƙasa, ta ce ai dama an faɗa, gara ce, ta dai yi jinkiri. Zanen yana hannuna, yana ɗiga. Na tura shi bayan randa na ce Allah ya kyauta.

Kwana tara ke nan. Maganar ta je kasuwa, ta haye Konni ta dawo. Ta kai kunnen Alhaji Mukhtari, shugaban kwamitin da ya ba Maccido aikin ƙyamare goma sha biyu na sabuwar makarantar da ake ginawa wajen Araba. An ce wa Maccido ya dakata, Asabar za a zauna a ba wani. Aiki mafi girma ke nan da ya taɓa zuwa rumfarsa, kuma da sunan ƙyaurena ya same shi.

Maccido ya zo gaisuwa ranar kwana uku. Ya tsuguna, ya bi bakin marigayin da babban yatsa, ya shinshina. Ya daɗe. Sannan ya miƙe ya ce, "Malama, bazarag ga ta yi zahi ƙwarai." Bai ƙara komai ba, a nan ko a kasuwa. Da ya zage ni da na fi samun barci.

Marigayin ya bar sakata ɗaya, kwaɗo da makullai biyu, da ƙanensa ƙyauren taga, wanda aka haifa rana ɗaya da shi daga tukunyar gam ɗaya. Yana nan garau, domin ya yi mini gajarta da rataya zane.

Za a shimfiɗa gawar a zauren gidana ranar Juma'a bayan la'asar. Ana gayyatar Alhaji Mukhtari da duk 'yan kwamiti, Baraka kuma a sahun gaba. Kowa ya zo da tabaransa, ya juya gawar ciki da baya, ya nemo mini hanyar gara ko guda. Zanen zai kasance a gefenta, jiƙe, yadda aka saba, kuma ni zan ɗaga shi da hannuna. Ba za a binne ba. Rabin ƙasa lafiyayye ne, Maccido zai yanke shi ya yi mini benci, idan ya yarda ya sake yi mini aiki.

Masu ta'aziyya su wuce rumfar Maccido. Masu faɗa su zo wurina, ƙofa a buɗe take.