Ranar da Na Yi wa Kunu Magani

Shekarar da gero ya yi tsada, ina hutu a Wagini, Kawu ya tambaye ni abin da nake karantawa. Ni da ba na magana, ranar har da gyara tabarau. Na ce wani abu ne kamar ƙaro, ido ba ya ganinsa, yana ɗauke da maganin sankara, ba ya sakinsa sai ya tarar da tsamin ƙarin da sankarar ta haifar. Don su Kawu su gane, na dunƙule bular wanki cikin ƙaro, na jefa a ƙwaryar kunun tsamiyar buɗa-baki. Ita kaɗai ce a gidan.

Gwaji ya yi kyau, kunu ya koma shuɗi.

Goggo ta leƙa, ta ce, "Sannu likita, kunun ya warke?"

Har yau in an dama, sai in ji, "Ku rufe, ga Dakta Bula nan!"