Fuskar Uwarsa a Matakin Ƙarshe

Jikata ce ta ba ni wannan labari, wadda ke aiki a kamfanin da ke ƙera wasannin nan da kuke latsawa a waya har abinci ya huce.

Wai wani ne aka ɗauka gwaji na wata guda. Ogan ya ce masa, "Zana mana fuskar tsohuwa mai kirki, wadda za ta riƙa nuna wa ɗan wasa hanya. In ta yi, ka samu aiki. In ba ta yi ba, ga ƙofa."

Bawan Allah ya ce ai da tsohuwa a gida. Ya zaunar da uwarsa bakin taga, ya ɗauke ta hoto ta gaba, ta gefe, har ta ƙarƙashin haɓa. Mako biyu yana kwafa a kwamfuta. Bai bar komai ba: girar hagu da ta fi ta dama tsawo, tabon goshi, har gashi uku da ke kan tawadar Allah.

Aka haska a bango.

Oga ya ce, "Babu ɗan Adam mai wannan fuskar."

"Oga, yanzu na baro ta tana shan shayi."

"Ba ruwana. Ba abin da ke akwai muke nema ba, abin da ido zai yarda da shi. Wa zai tambayi mai wannan fuskar hanya? Ko ni da na biya kuɗin allon ina jin kamar na yi laifi."

Ya koma ya goge tabo, ya daidaita gira, ya tuge gashin nan uku, ya shafe duk wata tamoji. Ya kawo.

Oga ya ce, "Tsohuwa na ce, ka kawo min dafaffen ƙwai da idanu."

Sai wata abokiyar aikinsu ta ja da'ira, ta ɗiga ido biyu, ta yi layi biyu a gefen baki. Kowa ya ce, "Wayyo, sak kakata!" Har wani ya share hawaye.

Mutuminku ya fara tattara jakarsa. Garin rufe kwamfuta fuskar farko ta sake fitowa, oga ya zabura har kujera ta faɗi.

"Tsaya! Wata shida muna neman dodon matakin ƙarshe na wasan nan!"

Aiki ya samu. Amma bai faɗa a gida ba, yana ta addu'a kada wasan ya yi kasuwa. Ya kuwa yi. Rannan ya shigo falo ya tarar ƙanwarsa ta miƙa wa tsohuwa waya. Ga ta nan a allo, gira a sama, tana jifan mutane da wuta.

Ya durƙusa. "Mama, wallahi mai nuna hanya na zana."

Ta daɗe tana kallo. "Wannan da take kora fa?"

"Ɗan wasa ne. Sai ya kayar da ke zai gama."

"An kayar?"

"Har yanzu ba wanda ya iya."

Ta mayar da wayar. "To ni ce. Ubanka ma shekara arba'in yana gwadawa."

Da na ji wannan labari, washegari da safe na wanke fuska, na ja kujera bakin taga, na ce wa jikata ta ɗauke ni hoto.

Ta ce, "To Kaka, ɗan yi murmushi."

Na ce, "Murmushin me? Matakin ƙarshe nake nema."