Sallau da Numfashin Gyaɗa

A ƙauyen Kukar Gero akwai wani magidanci Sallau, wanda duk abin da aka faɗa masa haka yake ɗauka, ba ragi ba ƙari. Matarsa Lanti ke riƙe da gidan. 'Yarsu Hajara tana aji biyar, kullum ta dawo sai ta karanta wa uban darasin kimiyya, shi kuwa ya baza kunne yana gyaɗa kai. Duk arzikin gidan buhu guda ne na irin gyaɗa da suka ajiye da kaka. In ya lalace, ba shuka.

Wata rana Lanti ta aike shi ya sayo ƙanƙarar zoɓo. Ya saka ta a kwando, ya bi hanya yana gaisawa da kowa, ya iso da jiƙaƙƙen kwando.

"Ina ƙanƙarar?" in ji Lanti.

"Tana kan hanya. Hajara ta ce ba ɓacewa take ba, ruwa take komawa."

Da ɗuminsa aka sha zoɓon.

Wata rana Lanti ta bar masa ruwan tuwo a kan wuta. Hajara ta ce tururi sama yake tafiya ya dawo ruwan sama. Sallau ya ƙara itace har tukunya ta ƙone ƙurmus, ya kai ta tsakar gida ya zauna gadi.

"Na tura shi sama, yanzu zai dawo," ya ce. Sama kuwa ko gajimare babu.

Wata rana darasin ya ce mai rai yana motsi, yana ci, yana numfashi. Sallau ya dubi babur ɗin maƙwabcinsu Haladu: ga gudu, ga shan mai, ga hayaƙi. Tausayi ya kama shi, ya dama dusa ya ɗura masa a tanki. Haladu ya tura babur wajen bakanike yana kumfar baki, Lanti ta bi shi da ban haƙuri, kunya kamar ta nutse.

Wata rana ta tarar ya farke ledar da ta ƙulle irin a ciki, don a shekarar kowa a leda ya ƙulle nasa saboda ƙwari. Ya baje gyaɗar a tabarma yana korar kaji.

"Hajara ta ce iri ma rai gare shi. Ke za ki iya kwana a leda?"

Lanti ta zauna ta yi kuka, ta saddaƙar bana ba gona.

Da ruwan shuka ya sauka aka kwance ledoji a gari, sai wari. Ashe gyaɗar mutane ba ta gama bushewa ba aka ƙulle, duk ta yi fumfuna. Ta Sallau kuwa garau, gonarsu ta tsira kore shar. Haladu da kansa ya yi sallama neman ragowar iri.

Lanti ta cika masa ƙwarya, zuciyarta fal da alfahari, ta ɗaga murya yadda za a ji ta bayan katanga.

"Maigidana ya ce a gaya maka, badi a bar ta ta sha iska."

Shi maigidan bai ma ji ba. Yana tsakar gida cikin ruwa, ya jiƙe sharkaf, ɗauke da tukunya cike.

"Lanti, ga ruwan tuwonki ya dawo."