Nomau da Akwatin Famfo

A ƙauyen Rafin Kanya an yi wani mutum mai suna Nomau, yana zaune da mahaifiyarsa Inna Tabawa da akuyarta guda. Nomau ba ya musu, ba ya ƙarya. Abin da aka ce ya yi shi yake yi, ba ragi ba ƙari. Da aka haƙa wa garin rijiyar burtsatse mai aiki da hasken rana, sai aka ba shi gadinta, tunda ya ɗan taɓa firamare kuma ba ya zuwa ko'ina. A jikin famfon akwai akwatin ƙarfe da kan fitar da siririyar takarda kowace safiya, mai bayanin lafiyar injin. Injiniya Sirajo, kafin ya koma birni, ya ce masa, "Kullum ka kira ni ka karanta mini duk abin da ka gani. In injin nan ya ƙone, ruwan kududdufi za ku koma sha."

Wata rana takardar ta fito da abubuwan da ba haruffa ba, 'yan akwatuna da alamomin tambaya sun cakuɗe da rubutun. Nomau ya kira Injiniya, ya gyara murya.

"Inji, ɗan akwati, ɗan akwati, alamar tambaya, ɗan akwati..."

Can da Injiniya ya gaji ya ce, "Nomau, saura nawa?"

"Yallaɓai, ai layin farko nake."

"Subhanallahi! Shirme na'urar ta yi. Duk rubutun da ba ya karantuwa, yanke shi ka yar."

Wata rana Inna Tabawa ta ɗauko katin asibitinta za ta aika a sayo magani, sai ta ga katin ya zama rariya. Ta dafe ƙirji.

"Na shiga uku! Ina rubutun likita?"

"Ba ya karantuwa, Inna. Na sa reza."

Ba su gama ba sai ga mata da bokitai a ƙofar gida, famfo ya ɗauke. Ashe kwana da kwanaki akwatin yana gargaɗin injin na zafi, amma layin gargaɗin ne ke zuwa da 'yan akwatunan, shi kuwa Nomau yana yankewa yana yarwa. Injiniya ya yi salati a waya. Ya sa aka bar injin ya huce, sannan ya ce, "Kada ka ƙara yar da komai! Inda ka ga alamar banza, ka sa wani abu a kanta, in na zo in san wurin."

Wata rana Nomau ya zauna da ƙwaryar gero da ragowar koko. Kowane ɗan akwati ya ɗiga masa koko, ya liƙa ƙwayar gero. Aiki ya yi kyau, ya shanya a tabarma, ya tafi masallaci. Ya dawo ya tarar da wutsiyar takardar tana lilo a bakin akuya.

"Yallaɓai," ya ce a waya, "labarin injin yana cikin akuyar Inna."

Injiniya ya ce, a hankali, "Saurara da kyau. Takardar gobe ka kawo mini ita birni yadda ta fito. Kada ka yanke, kada ka liƙa, ko yagewa kada ka yi."

Wata rana, wato washegari, takarda ta fito, gindinta na maƙale cikin akwati. Nomau ya dube ta. Ciro ta sai an yage. Sai ya ari sifana wurin mai faci, ya kwance akwatin ɗungurungum, ya ɗora a ka ya nufi tasha. Ruwa ya tsaya cak. Mata suka biyo shi da ihu, mai gari ya fito ba hula.

"Kai Nomau! Ina za ka da ruwan gari?"

"Ranka ya daɗe, cewa aka yi kada in yage."

Da Injiniya ya gan shi ya shigo shago da akwati a ka, takarda na reto a goshinsa, sai ya sauke masa akwatin. Ya ɗauki sukundireba ya buɗe murfin. Ga ɓera kwance cikin sheƙarsa, ya gaigaye wayar da ke ɗauko bayanin injin, shi ya sa rubutu ke fitowa a hargitse. Kusa da ita wayar wuta ce, ita ma ya feɗe mata fata, ta fara baƙi.

"Innalillahi," in ji Injiniya. "Da ta ƙara wuni ɗaya a jone, da injin ya tashi da wuta."

Ya sauya wayoyin, suka kamo hanya tare. Kafin la'asar ruwa ya dawo, mata suna guɗa. Inna Tabawa na cikin sa wa ɗanta albarka sai ta ga aljihun rigarsa na motsi.

"Mene ne wannan kuma, ɗan nan?"

"Ɓeran ne, Inna. Injiniya ya ce kada in ƙara yar da komai."