Ƙaddamar da Akwatin da Bai Tashi Ba

Ranar Lahadi na aikata abin da na shekara ina zagin manyanmu a kansa a wannan shafi: na ƙaddamar da aikin da ban gwada ba. Na tara maƙwabta a barandar gidana a nan Semarang, aka shimfiɗa tabarmi, matata Bu Warsini ta dafa shinkafa mai kurkum ta tula ta da tsini kamar yadda ake yi wa duk wani abin arziki, aka yi addu'a. Na yanke kan tsinin na miƙa wa maƙwabcina Pak Gunadi, don shi ne dattijon layinmu. Sannan na gyara zaman hulata, na danna maɓallin baƙin akwatin da na daɗe ina haɗawa. Fankar ciki ta juya sau ɗaya, ta yi shawara da zuciyarta, ta tsaya.

Na sake dannawa, ko juyin ma ba ta yi ba. Pak Gunadi, bakinsa cike da shinkafa, ya ce kada in damu, ai ƙaddamarwa ita ce mai wuyar, tashi kuma sai a kasafin baɗi. Jama'a suka ci, suka sha shayi, kowa ya riƙe hannuna ya ce aiki ya yi kyau. Ba wanda ya ce bai tashi ba. Mu nan ba ma faɗa wa mutum irin wannan magana bayan mun ci shinkafarsa.

Bari in koma baya kaɗan, don ku san abin da ya kai ni. Ranar Alhamis mai zuwa za a yi addu'ar cika kwana dubu da rasuwar surukata, Mbah Tumirah, kuma dangi za su zo daga ko'ina. Duk abin da ya rage na muryarta da hotunanta yana cikin wani tsohon faifan ajiya da muka ciro daga kwamfutar da ambaliyar bara ta kashe. Babu kwafinsa a ko'ina. Idan aka jona shi ƙas-ƙas yake yi kamar ɓera a silin. Bu Warsini ta naɗe shi a zanen mahaifiyarta ta ɗora saman kabad, inda ruwa bai taɓa kaiwa ba.

Ita shawararta a kai shago a kwafe, magana ta ƙare. Ni kuwa, da yake Allah ya yi ni da son a ce da ni, na ce ina, ai gidan nan ya wuce nan. Saba, wato kwamfutar ajiya, zan haɗa mana ta gida, akwati mai faifai huɗu, in ɗaya ya mutu sauran su riƙe amana. Ranar addu'a kowane baƙo ya zaro wayarsa ya ga Mbah.

Kada ku ce me ya hana ni ajiyewa a intanet. Na ga yadda manya ke ajiya. A garin nan duk Mai Girman da ya hau kujera sai ya haifi manhajarsa, da hotonsa a goshinta yana murmushi. Ta rajistar haihuwa ba ta san ta mutuwa ba, ta haraji ba ta gaisawa da ta ruwa. Ka cike komai a waya, ka je ofis, a ce ka kawo fotokwafi biyu. Allah ya ja zamanin Mai Girma Sarkin Almakashi, wanda bai taɓa ganin zaren ƙaddamar da aiki ya bar shi bai yanka ba. Da wannan takaici na hau babur zuwa kasuwar kwamfuta, bayan na yi rabin safiya a layin man fetur ɗin da Mai Girma Babban Mai Ba Da Tabbaci ya rantse babu shi.

Madabod, wato babban allon da kowane abu ke hawa kansa, na saye shi a hawa na sama saboda yana da fitilu masu canza launi. Firosesa, ƙwaƙwalwar injin, na same ta a hawa na ƙasa da rangwame. Ram kuma, wadda injin ke riƙe aikin da yake kai da ita, ta hannu na saya, wadda aka ciro daga injin wani kamfani, don Pak Gunadi ya ce saba sai da ram ɗin saba, kuma mutumin da ya yi aikin gwamnati har ya yi ritaya ba a musu da shi. Akwatin ƙarami na zaɓa don ya zauna kusa da talabijin. Kowane shago na shiga sai na nuna abin da ke jakata na ce wa yaron shagon, "Mas, zai tafi da wannan?" Kowane kuma ya ɗan rusuna ya ce, "Zai iya, Pak," wato yallaɓai.

Wallahi a garin nan aka haife ni, na san "zai iya" ɗinmu. Wani lokaci tana nufin eh, wani lokaci tana nufin ban sani ba, wani lokaci kuma tana nufin furfurarka ta fi ƙarfin in ce maka a'a. Amma ranar nan kunnena abin da yake so kawai ya ji.

Da na zo haɗawa, allon ya fi akwatin faɗi, sai na ari zarto na rage wa akwatin haƙarƙari. Sauran kayan duk sun shiga, wasu da lallashi, wasu da babban yatsa. Faifai uku na saya sababbi, aljihu ya ce iyakarsa ke nan. Ina zaune ina kallon gurbi na huɗu sai dabara ta faɗo mini: ai muna da na huɗu a saman kabad. In na saka na Mbah a ciki, hotunan sun riga sun tare a sabon gida, sai dai su bazu zuwa sauran. Na taka kujera na sauko da shi. Bu Warsini ta tsaya a bakin ƙofa tana goge hannu, ta daɗe tana kallon zanen kafin ta ce, "Pak, ka tabbata?"

Na ce mata zai iya.

To, kun ji yadda Lahadi ta kasance. Litinin da safe na ɗaure akwatin a bayan babur, na lulluɓe shi da rigar ruwa, na nufi shagon Cik Lian mai gyaran kwamfuta. Duk kasuwar an san ta, kuma da yawa suna kewaye shagonta, don ita kaɗai ce mai kallon idon mutum ta ce a'a. Ta kwance murfin, ta leƙa, ta tambayi wanda ya haɗa. Na ce wani abokina ne. Ta ce in gaya wa abokin nawa ya koma kiwon kurciya.

Daga nan ta shiga yi mini karatu ba ko sassauci. Firosesar ta zauna a gurbinta, amma allon ya girme ta, bai san da zamaninta ba. Ram ɗin ta manyan injina ce, allon gida ba ya karɓarta ko da ta shiga daram. Kafofin jona faifai kuma, tun da na soka wani ɗan ƙaramin faifai mai kama da cingam, wanda injin ke tashi da shi, a jikin allon, biyu daga cikinsu suka mutu, haka aka ƙera shi. Ta ce mai hankali faya-fayansa yake fara ƙirgawa, ya nemi allon da zai ɗauke su, sannan ya sayi firosesa da ram da takardar allon ta ambata da sunansu, akwati ya zo a ƙarshe. Ni daga fitilu na fara.

Ina ta gyaɗa kai a madadin abokina, sai hannunta ya kai kan tsohon faifan. Ta tambayi abin da ke ciki, na faɗa mata. Ta ajiye sukundireba.

"Pak, da injin nan ya tashi jiya, abu na farko da zai tambaye ka shi ne ko ka yarda ya share faifai huɗun nan tas, don ya haɗa su su zama ɗaya. Me za ka danna?"

Na san amsar. Ga baƙi a tabarma, ga rubutun Turanci a allo, ga kowa ya zuba mini ido. Ni da ban taɓa ce wa mai tallan katifa a'a ba, zan fara da inji a gaban Pak Gunadi? Eh zan danna, har in juyo in yi murmushi a ɗauke ni hoto. Tsoro ya kama ni, sai da na nemi kujera. Kunyar kuwa ba a magana.

Cik Lian ta jona faifan a kwamfutarta ta fara kwafa. Yana ƙas-ƙas, yana tsayawa, yana ci gaba, ni kuma duk addu'ar da na haddace sai da na karanta ta. Da ya gama ta buɗe bidiyo ɗaya don gwaji. Sai ga Mbah zaune a barandarmu tana ɓare tafarnuwa, a bayanta kuma wani mutum mai kama da ni yana kokawar shigar da sabon firiji ta ƙofar da ta yi masa kaɗan. Ko ɗaga kai ba ta yi ba ta ce, "Warsini, mijin nan naki ya auna ƙofar kuwa?"

Na kawo kwafi biyu gida. Bu Warsini ta kalli bidiyon nan sau uku, tana dariya hawaye na zuba, har na fita baranda na ba ta wuri. Alhamis dangi za su ji muryar Mbah, a talabijin, da 'yar waya guda ɗaya, kamar yadda matata ta ce tun farko.

Saboda haka, ya ku Masu Girma, na janye duk abin da na taɓa rubutawa. Ashe jinƙai ne. Injinan da kuka sayo waɗanda ba su dace da juna ba, manhajojin da ba sa buɗewa, gadar da ta tsaya a tsakiyar kogi, yanzu na gane hikimar. Allah kaɗai ya san abin da za su share mana da sun tashi. Ku ci gaba da yanka zare, mu ci gaba da cin shinkafa.

Akwatina yana baranda, an ɗora masa tukunyar fure, kuma Pak Gunadi ya fara tambayar ranar ƙaddamarwa zagaye na biyu. Ban gaya wa Bu Warsini abin da Cik Lian ta ce ba, ita ma ba ta tambaye ni ba. Faifan Mbah dai ya koma cikin zanensa a saman kabad, kujerar da nake takawa kuma tun jiya nake nemanta ban gan ta ba.