Ranar da Wayata Ta Kulle a Hannun Malam Shu'aibu

Har gobe ba zan manta da Asabar ɗin da na tsaya gaban abokan aikina a Hunkuyi ina koya musu yadda ake gyara suna a wurin banki ba.

Ni malamin gona ne a ƙaramar hukuma, kuma tun da na yi aure a gidan haya nake. Wata rana mai gidan ya aiko cewa ɗansa zai dawo daga Kaduna da iyali, in fara duba wani wuri, amma fa ba korata yake yi ba (haka ake faɗa idan ana korar mutum cikin mutunci). Ina da ɗan fili na gado a hanyar Kudan, ba komai a kansa sai gyaɗa. Na shirya na tafi Zariya, wani bankin da ba ya harka da kuɗin ruwa, don su ba ni rancen gini in riƙa biya daga albashi.

Ma'aikaciyar da na samu ta ɗan danna kwamfuta ta ce, "Malam, makinka bai kai ba."

Na ce, "Makin me, Hajiya? Ni ban rubuta jarrabawa ba."

Ta yi min bayani cewa akwai masu tattara tarihin bashin mutane, su ba kowa maki gwargwadon yadda yake biya a kan lokaci. Na gyara zama na ce ai ni tun da nake ban taɓa cin bashin banki ba. Na faɗa ne ina jiran yabo.

"Matsalar ke nan," in ji ta. "Ba wanda ya san ko kana biya."

Shawararta mai sauƙi ce: in karɓi wani ƙaramin abu na biya a hankali, kada in taɓa makara, in kuma tara kason da ake buƙata daga wurina kafin su saki nasu. Bayan 'yan watanni in dawo.

A Makarfi na sami shagon da ke ba da waya a haka, duk wata a cire kuɗin kai tsaye daga asusun albashi. Mai shagon ya gargaɗe ni cewa idan ranar biya ta wuce, wayar da kanta take kullewa. Na ce masa wannan gargaɗi na wasu ne, na karɓi wayata.

Makin kuwa ya fara hawa. Tare da shi kaina ma ya fara kumbura. A ofis, a wurin mai shayi, har a ƙofar masallaci, duk wanda ya yi kuskuren tambayata ya gida sai ya sha lacca. Na taɓa tsare wani manomi da ya zo tambayar maganin tsutsar masara ina masa bayanin maki (ko asusun banki ba shi da shi). Matata Rabi ta ce, "Baban Ummi, ka bari a kafa tubali ɗaya mana kafin ka zama shehin malami." Na ce mata ilimi ba a ɓoye shi.

Ana haka ƙungiyar adashenmu ta ma'aikata ta gayyace ni in yi jawabi a taronta. A makon ne kuma na yi wata dabara da nake ganin ba wanda ya taɓa yin irinta: albashi na shigowa na kwashe shi kakaf zuwa asusun ajiyar gini, don banki ya ga ni mutum ne mai tattali. Ban tuna cewa daga asusun da na share ake cire kuɗin wayar ba.

An yi taron a wani ajin firamare, cike da malamai da ma'aikatan asibiti, mata a gefe ɗaya. Na sa babbar riga. Na yi magana mai tsawo, na kuma maimaita musu jumlar da na fi so: "Wanda ya makara da biya ko da kwana ɗaya ne, shi ya ɓata sunansa da hannunsa." Har tafi aka yi.

Sai na ce bari su gani da idonsu. Na zaro wayar daga aljihu, ban ko kalle ta ba, na rusuna na miƙa wa shugaban ƙungiya, Malam Shu'aibu. Dattijo ne, tsohon malamin Turanci, shi ake kira tafinta duk lokacin da baƙi suka zo garin.

"Ranka ya daɗe, taimaka ka danna ka karanta wa jama'a abin da ke kai. Ka fassara musu da Hausa don kowa ya amfana."

Ya sa tabarau. Ya danna. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ɗago ya ce, "Duka zan karanta?"

"Duka, ranka ya daɗe. Kada ka rage komai."

Ya yi gyaran murya, ya fara da irin muryar da yake fassara wa manyan baƙi: "Ya kai abokin cinikinmu, an kulle wannan waya saboda ba ka biya kuɗin wannan watan ba. Ka gaggauta biya, domin jinkiri na iya taɓa makinka." Ya cire tabarau ya ƙara da cewa, "Sun kuma ce sun gode."

Daga can baya wata unguwarzoma ta ce, "Allah Sarki, kwana nawa ya makara?" Nan dariya ta ɓarke. Na buɗe baki in yi bayanin asusu biyu, sai na ji ina cewa matsalar sabis ce. Malam Shu'aibu ya miƙo min wayar da hannu biyu, ya ce wa jama'a, "To, kun ji darasi, kun kuma ga misali. A yi masa addu'a." Aka shafa fatiha. Ban tsaya cin abinci ba.

Ko kiran Rabi ban iya yi ba, amma labarin ya riga ni isa gida. Ina shiga ta ba ni tsohuwar wayarta mai madanni, wadda da ita na mayar da kuɗin na biya.

Makin ya ɗan faɗi, banki suka ƙara min watanni na jira, mai gida kuma na je na ba shi haƙuri har sau biyu. Daga baya dai an ba ni rancen, yanzu ginin ya kai rufi. A ofis har yau "Sun Gode" suke kirana, ina kuma amsawa.

Abin da na koya shi ne, gyaran maki aikin shiru ne. Idan kuma dole sai ka nuna wa jama'a wayarka, ka fara leƙa ta kai kaɗai. In ka manta da wannan ma, to kada ka miƙa wa tafinta.