Wasan da Ni Kaɗai Na Kalla

A majalisarmu ta shan shayin ataya a Asawase, ni ne gwanin sharhin ƙwallo. Wata Lahadi barci ya kwashe ni, ban kalli wasan kulob ɗinmu ba. Don kada girmana ya zube, ina isowa na dira kan koci: canjin banza ya yi, gola kuma hannunsa kamar rariya. Kowa ya yi tsit. Na ɗauka ilimina ne ya ratsa su, na ƙara wuta.

Sai da na gama Alhaji Sule tela ya miƙo min kofi, ya ce, "Massa, an ɗage wasan fa. Ruwa ya cinye filin."

Har yau, duk ranar wasa, tun da safe suke tare ni: "Malam, nawa-nawa aka tashi?"